Hayaniyar da Ke Cikin Kaset ɗin Innarki

Daura,
jajibirin tafiyarki.

Uwata,

Ina gaishe ki da sunan Ubangijinmu Yesu, wanda ya raya mini ke har na ga ranar da za ki ɗauki jaka ki fita ƙofar gidan nan da ƙafarki. Allah ya sa ki buɗe takardar nan kina Jos lafiya, mota ba ta ba ku wahala ba, direban kuma mai tsoron Allah ne. Zan cusa ta a ƙasan jakarki, ƙarƙashin rigar sanyin da na ɗinka miki, don na san halinki. Ba za ki nemi rigar ba sai sanyin garin ya koya miki hankali, lokacin kuwa kin yi nisan da ba za ki zo ki tsare ni da ido ba.

Kin san ni, in ina kan keken ɗinki bakina ba ya hutawa, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya tafi da labari. Amma in magana ta zama tsakanina da ke, sai harshena ya yi nauyi. Ke 'yar fari ce, ga shi kuma sunan mahaifiyata aka sa miki. Tun kina tsumma nake ce miki Uwata, ban taɓa iya zama na yi doguwar magana da ke ba. Shi ya sa yau na rufe shago da rana tsaka, na ba masu ɗinki haƙuri, na zauna a gindin darbejiya da biro. Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Roƙo ɗaya ne ya zaunar da ni.

Kin ce in ba ki kaset ɗin Innarki ki tafi da shi. Na ba ki, yana aljihun jakar, a naɗe yadda na same shi. Kin kuma ce in kin isa sutudiyon da suka ɗauke ki aikin haɗa waƙoƙin bishara, za ki goge tsohon kwafin da kika juye a kwamfuta, mai shuuu da hayaniyar nan, tunda kin wanke waƙar ta fito fes, shi tsohon cin wuri kawai yake yi. Uwata, kada ki goge shi. Kaset ɗin kansa ya tsufa, zarensa ya fara cinyewa, ranar da kika juye shi ma sai da muka yi ta lallaɓa shi da biro. In ya tsinke, ke kuma kin goge wancan, shi ke nan, ba sauran inda za a samo shi. Akwai abinki a cikin hayaniyar nan. Zan gaya miki ko mene ne, amma ki bar ni in biyo ta hanyata, don ba zan iya farawa da shi ba.

Bari in fara da laifina na baya-bayan nan, wanda ko hucewa bai yi ba. Ranar da kika leƙo shago kika ce, "Baba, zo ka ji Inna," na biyo ki da tef ɗin awo a wuya. Na ga abin da kike yi a kwamfutar, layi-layi masu launi a jere kamar ƙyallayen da nake shimfiɗawa a tebur, kina yanko wannan ki ɗora kusa da wancan. Kika yi mini bayani cewa akwai manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke tsame muryar mutum daga cikin kiɗa da ƙara. Wata tana miƙe murya in ta karkace. Wata kuma ki rubuta mata kalmomi ta rera miki amshi da muryoyin mata rututu, alhali babu mace a ɗakin sai ke. Kika danna. Ba zan ɓoye miki ba, da farko sai da tsigar jikina ta tashi. Kalmomin da shuuu ɗin kaset ya daɗe da binnewa, ga su tar a kunnena: "Ka riƙe ni, Mai Ceto, ƙafata ta gaji." Amma kafin a kai tsakiya sai na ji kamar wata baƙuwa ce ta ari zanen Innarki ta ɗaura. Ba ta jan numfashi, ba ta sarƙewa. Matar da ke cewa ƙafarta ta gaji, babu alamar gajiya ko kaɗan a muryarta.

Kika ce, "Baba, ka ga na cire carar zakara, na cire tarin tsofaffin nan, har da kukan wani jariri da ya ɓata tsakiyar waƙar. Wurin da Inna ta manta layinta ma, na sa manhajar ta koyi muryarta ta cike mata. Ya ka ji?"

Na ce, "Ya yi kyau, Uwata. Allah ya yi albarka."

Ƙarya na yi miki. Na ga yadda idonki ke ƙyalli, na tuna wahalar da kika sha a kan aikin, sai na kasa. Na koma kan keke na ɗinke wa wani bawan Allah hannun riga a juye. Hajiya Indo ce ta faɗi abin da na haɗiye, ita da katanga ɗaya ta raba mu tun kafin a haife ki, wadda ta san muryar Innarki a bakin turmi da bakin murhu fiye da kowa. Da yamma na fito, ta tare ni a ƙofar gida.

"Malam Bitrus, wace ce wannan mai zaƙin murya da kuka kunna ɗazu?"

Na ce, "Ai maƙwabciyarki ce, Hajiya."

Ta gyara mayafinta. "Ikon Allah. To ni dai ban gane ta ba."

Inda za ki, masu ce miki "ya yi kyau" ba za su ƙirgu ba, wasu don suna sonki, wasu don su rabu da ke. Ki nemi irin su Hajiya Indo ki riƙe. Ke ma in mawaƙi ya tambaye ki yadda kika ji aikinsa, kada ki yi irin ta ubanki, ki faɗa masa gaskiya da taushin baki tun abin yana gyaruwa.

Ba laifinki nake gani ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, abin da kika yi da kwamfuta ni na riga ki yinsa da piyano. Kina ƙarama lokacin, ba za ki tuna ba. Ni ne shugaban mawaƙa a ɗan cocinmu, amma waƙar da ke motsa mutane ta zumuntar mata ce. Innarki na bayarwa, mata na amsawa, Iya Tabita na buga bakin tulu, wata na kaɗa caki. Iya Tabita tsohuwa ce da ta taso daga wani ƙauye wajen Babban Mutum, haƙoranta ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, amma in ta rungumi tulun nan sai ka ji shi a ƙirjinka. Sai wata shekara Oga Obinna, mai sayar da kayan gyaran babur a bakin tasha, ya dawo daga garinsu bayan Kirsimeti da piyano mai lantarki, ya ba coci kyauta. Da zuciya ɗaya ya yi, Allah ya saka masa. Ya ajiye a gabana yana murna.

"Malam Bitrus, wannan abu, ganga yana ciki, kakaki yana ciki, komai yana ciki. Kai danna kawai."

Na danna kuwa. Ɗoki ya ɗebe ni, na koyi abin da yatsa uku, na fara jin kaina daidai da mawaƙan Kaduna. Abin da ban lura da shi ba shi ne, tulu yana bin mai waƙa ne. In Innarki ta ja layi, Iya ta jira ta, in ta matsa, Iya ta matsa. Kiɗan piyano kuwa ba ya jiran kowa. Sai aka fara karo, tulu na nan, piyano na can. Maimakon in kashe nawa, sai na ce wa Iya ta ɗan ajiye tulun tukuna har mata su saba.

Ta dube ni ta ce, "To, ɗan nan. Ai ku ne masu zamani."

Ta ɗora tulunta a ka ta tafi da shi gida. Daga ranar ta bar bencin gaba ta koma na baya, can kusa da ƙofa. "Tukuna" ɗin nan tawa ba ta ƙare ba har Iya ta rasu. Da muka je gaisuwa na ga tulun a jingine a gindin rumfa, an zuba masa ruwan sha an kifa moɗa a bakinsa. Har na sha ruwan kafin in gane shi. Ranar na yi kukan da mutane suka zaci na rashin Iya ne kawai.

Ba cewa nake ki jefar da kayan aikinki ba. Akwai ƙananan majami'u a ƙauyukan Mashi da ba su da ko mai kaɗa caki, in manhajarki za ta ba su kiɗan da za su yabi Allah da shi, wa zai hana? Ni ma da na samu irinta a zamanina da na fi ki rawar kai. Amma amshi ba ado ba ne, Uwata. Amshi shi ne mata su ce wa mai bayarwa, mun ji ki, abin da ya dame ki ya dame mu. Muryoyin da kika rubuta wa kalmomi suka rera, ba su ji komai ba. In akwai mata masu rai kusa da ke, ki kira su, ko da ɗaya za ta yi tari a tsakiya. Duk abin da za ki danna ya yi aikin mutum, ki fara waiwayawa ki ga wa zai koma bencin baya.

Da a kan Iya abin ya tsaya, da da sauƙi. Innarki tana da wata lanƙwasa a ƙarshen layi, muryar ta ɗan zame ƙasa sannan ta dawo, a wurin mahaifiyarta ta ɗauko a bakin dutsen niƙa. Wannan lanƙwasar ce ta sa na tsaya a bayan dangarsu ranar da na fara jin ta, ina saurayi, na manta aiken da aka yi mini. To piyano ba shi da ita. Maɓallan nan ne kawai, fari da baƙi, babu komai a tsakani. Sai na riƙa tsayar da ita a wurin gwaji, a gaban mata, ina danna abu ɗaya ina maimaitawa. "Kin sauka. Sake. Kin kuma sauka." Ita ba mai musu a gaban jama'a ba ce. Sai da muka dawo gida tana zuba mini tuwo ta yi magana.

"Malam, ni ban san farin nan da baƙin nan naka ba. Yadda abin ya zo mini a zuci, haka nake fitar da shi."

Na ce mata wannan ƙauyanci ne, zamani ya wuce shi. Wallahi haka na ce, ina cin tuwon da ta tuƙa. Sannu a hankali ta sakar wa 'yan mata bayarwa, ta koma cikin masu amshi, daga baya ma leɓe kawai take motsawa. A gida tana yi ƙasa-ƙasa in tana daka, amma da ta ji sallamata sai ta yi shiru. Ki duba wannan, mutum ya zama sallamarsa ce ke kashe waƙa a gidansa. Na lura, na kuma san ni na jawo, amma girman kai ya hana ni cewa ta yi haƙuri. Na yi ta cewa gobe.

Ranar da na ga kina kama muryarta a kwamfuta kina jawo ta sama ta hau layi, hannuna na gani. Abin da na yi shekaru ban iya ba, manhajarki ta yi shi kafin in gyara zama. Lanƙwasar nan ce Hajiya Indo ta nema ta rasa. Za a kawo miki masu waƙa iri-iri, wasu kam sun sauka da gaske, ki taimake su. Amma kafin ki miƙe abu, ki saurara ki tabbata karkacewa ce ba hatimin mai shi ba, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Kina ta tambayata me ya sa kaset ɗaya tak ya rage, ina ce miki sauran sun ɓace. Ba su ɓace ba. Suna da ɗan yawa, duk na gwajin zumunta ne da na ɗauka kafin zuwan piyano. Da na buƙaci kaset ɗin da zan naɗi kiɗan piyano don mu riƙa gwaji in an ɗauke wuta, sai na ga sayen sabo ɓarna ne. Na kwaso nata, na toshe ɗan ramin bayan da takarda, na danna jan maɓallin naɗa a kansu. Ta shigo ta tarar da ni, ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hannu.

"Har da wannan, Malam?"

"Tsofaffi ne, duk hayaniya. Cin wuri kawai suke. Za mu sake ɗaukar mai kyau."

Kin ji maganar da na yi? Ita ce kika maimaita mini kalma da kalma kina tsaye a kan kwamfutarki. Ba mu sake ɗauka ba. Yau ɗinkin salla, gobe kuɗin makaranta, jibi wani abu, har ciwon ajalinta ya zo ya fara da maƙogwaronta. Kwalin kaset ɗin yana nan ƙarƙashin gadona, cike da dum-cak dum-cak ɗin piyano wanda ko ni ba na iya saurara. A ƙarƙashin kowane ɗaya akwai muryar matata, na bi ta kai da hannuna. Da-na-sani ƙeya ce. Duk abin da kika gyara, ki ajiye na asalin a gefe, ko na wane ne, ko yaya muninsa. Ba ki san ranar da wani zai zo yana kuka yana nemansa ba.

Akwai kuma maganar da kika yi, cewa tunda manhajar ta koyi muryar Innarki, za ki rubuta sababbin waƙoƙi ki sa ta rera, mutane su sake jin ta. Na san ƙauna ce ta sa. Ni ma da kika faɗa sai da zuciyata ta yi tsalle, wa zai ƙi ya sake jin matarsa? Amma bari ki ji. An taɓa yin babban taron zumunta na majami'un yankinmu, aka ce mu kawo waƙa. Na zaɓi wannan tata, ita ta tsara ta da kanta bayan wata damina da ta ba mu kashi. Sai na ga "ƙafata ta gaji" bai dace da taron manya ba, za a ce mutanen Daura ba su da bangaskiya. Na canza shi ya koma "na yi nasara", na koya wa 'yan mata, aka rera, aka tafa. A mota muna dawowa ta matso kusa da ni, abin da ba ta saba yi a cikin mutane ba.

"Malam, ba haka na ce ba. Ni gajiya na yi, shi ya sa na ce ya riƙe ni. Wanda ya yi nasara, riƙon me zai nema?"

Ranar tana da bakin da za ta ce ba haka ta ce ba. Yanzu fa? Duk abin da kika sa mata a baki za ta rera, ko ta yarda ko ba ta yarda ba, kuma jikokinta za su ɗauka maganarta ce. Ni tela ne, ban san hukuncin wannan a wurin masana ba, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Waƙoƙin da kika rubuta naki ne, ki rera su da muryarki. Na sha jin ki kina yi in kina wanki kin zaci ba kowa, kuma lanƙwasar nan tana nan a bakinki, ban san ko kin sani ba. Masu rai ma haka, kada ki koya wa na'ura muryar kowa sai kin tambaye shi ya amince. In kuma na'ura ce ta rera wani wuri, ki faɗa wa masu saurare. Waƙar da za a kai gaban Allah bai kamata a fara ta da ɓoye-ɓoye ba.

To, na gama kewaye-kewaye.

Bayan mun dawo daga binne Innarki, mutane sun watse, kika same ni a zaure. Ba kuka kike yi ba, da ma kuka ne da ya fi mini sauƙi. Kika ce, "Baba, har Inna ta mutu ba ta taɓa kiran sunana ba. Ƙanena Iliya take ɗauka, Iliya take wa wasa. Ni sai dai 'ke', sai 'yarinyar nan'." Na ce miki al'ada ce, kunyar 'yar fari ce, ga kuma sunan surukarta da kike ɗauke da shi, ba ta isa ta furta shi ba. Kika ce kin sani. Amma na ga sanin bai warkar da komai ba. Ba da jimawa ba amsar ta zo hannuna, amma na ɓoye ta, don in na ba ki ita sai na tona abin da na yi.

Ranar da aka ɗauki kaset ɗin nan, a tsakar gidanmu ne, da hantsi. Na aro rikoda, na sayi batir da sabon kaset, na kora kaji, na kai akuya gidan Hajiya Indo na ɗaure. Na gargaɗi mata cewa ko tari ban yarda ba. Kina goye a bayan Innarki kina barci, ba ki fara zama ba ma. Aka fara, abin yana tafiya yadda nake so, Iya Tabita na ba tulu haƙƙinsa. Ana tsakiyar waƙa sai kika farka kika tsala kuka. Jaririn nan da kika ce ya ɓata waƙar, wanda kika sa manhaja ta cire, ke ce, Uwata.

Innarki ba ta manta layinta ba. A bakinta yake, ita ta tsara shi. Sakinsa ta yi. Ta juya kanta ta kafaɗa, tana jijjiga ki, ta yi miki magana ƙasa-ƙasa yadda take ganin ba wanda zai ji. Iya Tabita ba ta tsaya ba, ta ci gaba da bugu, mata suka yi ta maimaita amshi, "ka riƙe ni har gida, ka riƙe ni har gida," suna rufa mata asiri har kika yi shiru ta dawo ta kama waƙarta. Ni ina tsugune gaban rikoda ina cika ina batsewa. Da aka gama na ce mata a gaban kowa, "Kin ɓata mana kaset." An ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, to ranar ni ne na yi jifan. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yarinya ce ta farka, Malam." Na ce gobe za a sake a kan wannan ɗin. Da gari ya waye na nemi kaset na rasa, na yi faɗa na gaji. Shi ya sa ya tsira lokacin da na bi ta kan sauran.

Sai bayan rasuwarta, muna fitar da kayanta, na same shi a can ƙasan akwatinta, a naɗe cikin majanyin da ta goya ki da shi. Na kai shago na kunna. Da aka zo wurin, na ƙure murya na kara kunnena a jikin lasifika, sai na ji abin da ta faɗa. Rikodar da na tsugunna ina gadi ta kama shi, ni da ke wurin ban ji ba don fushi ya toshe mini kunne. Ita ta san ya kama. Shi ya sa ta ɓoye, kunya ta hana ta bari a ji, kuma ba ta iya bari a goge ba.

Ga abin da nake so ki yi. In kin huta, ki buɗe tsohon kwafin, ba wankakken ba. Ki sa abin jin nan naki da ke rufe kunnuwa. Ki je daidai inda jaririn ya fara kuka, ki ɗaga murya. Kin fi ni sanin dabarun aikin, in manhajarki ta iya tsame murya daga cikin ƙara, to wannan karon ki sa ta tsamo miki abin da ta zubar. A ƙarƙashin tulun, a ƙarƙashin amshin, za ki ji ta tana cewa:

"Yi shiru, Rifkatu. Yi shiru, Rifkatu 'yata, ga ni nan."

Sau biyu ta kira sunan. Ta ajiye miki shi a cikin majanyi tsawon rayuwarki, ni kuma na ƙara miki jira saboda tsoron kunyata. Ki yafe mini. Ita ban samu na roƙe ta ba.

Bayan wannan, waƙar taki ce, ki yi yadda zuciyarki ta ba ki. In kin fitar da wankakkiyar ba zan yi fushi ba. In kuwa kin tambaye ni, sai in ce ki mayar da Iya Tabita da tulunta, ki mayar da masu tari, ki bar wurin nan a buɗe yadda Innarki ta bar shi.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, na san in kika zauna gaban kwamfuta mantawa kike da cikinki. Ki nemi majami'a tun Lahadin farko, ki zauna cikin masu amshi kafin ki nemi makirufo. Ki gaida maƙwabtanki ko wane addini suke yi, kin ga dai yadda muka zauna da namu. Ki riƙa kiran Iliya, yana nuna bai damu ba ne kawai. Hajiya Indo ta ba da ƙuli-ƙuli da yaji, suna cikin baƙar leda, ta ce in ce miki Allah ya tsare, ya ba da sa'a.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya haɗa ki da mutanen kirki. Ya sa albarka a kunnenki da hannunki. In ƙafarki ta gaji a garin mutane, ya riƙe ki har gida.

Ni ma ban taɓa kiranki da sunan nan ba, kuma in kin dawo na san bakina ba zai iya ba. Amma tunda Innarki ta riga ni, bari in bi bayanta ko sau ɗaya, a takarda.

Allah ya kai ki lafiya, Rifkatu.

Mahaifinki,
Bitrus